Ƙanin matata na Faisalabad ya samu gurbi a Finland, in ba shi aron kuɗin nunawa?

Abu Sumayya: Assalamu alaikum. Matata 'yar Pakistan ce, mun haɗu lokacin da nake karatu a Islamabad. Ƙaninta ya samu gurbin digiri a Finland, takardunsa na sakandare IBCC, hukumar tantance takardun sakandare ta Pakistan, ta riga ta buga musu hatimi, saura izinin zama. Yanzu ana son ya nuna yana da Yuro 800 na kowane wata a asusunsa, 9,600 ke nan na shekara, ban da kuɗin makaranta. Mahaifinsu ya haɗa na makaranta, ni aka roƙa in zuba sauran a asusun yaron, wai zai dawo min da shi in ya sauka. Jarin shagona ne. Wanda ya taɓa yin haka ya faɗa min gaskiya.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Me ya hana shi Jamus? Yawancin jami'o'in gwamnati babu kuɗin makaranta.

Maman Ilham: Jamus ɗin da sai ka kulle Yuro 11,904 a asusu, suna tsakuro maka wata-wata? Kuma Malam ya ce an riga an samu gurbi.

Injiniya Tampere: Ina nan Finland tun 2023. Ta Enter Finland, shafin neman izinin zama, ake cikewa, sannan ya je a ɗauki hoton yatsunsa. Ni 560 a wata na nuna, Yuro 350 na biya na nema.

Maman Ilham: Wannan tsohon zance ne Injiniya, tun Nuwamban 2024 aka mayar da shi 800. Ɗan yayata ma 450 ya biya a 2025.

Bawan Allah: Kowa na ta lissafi, ni ku saurare ni. Ni ma a Pakistan na yi karatu, muna ɗaki ɗaya da wani yaro ɗan Multan. Wani ejan ya ce zai haɗa masa komai har takardar banki. Uwarsa ta cire awarwaron zinaren aurenta, da idona na ga an ɗora su a sikeli, ni kuma na ƙara masa kuɗin da na tara na komawa gida. Ashe takardar ta bogi ce. Aka hana shi izinin, ejan ya canja lamba, muka je ofishinsa muka tarar ana sayar da wayoyi a ciki. Yau shekara huɗu, in na kira shi ba ya ɗauka, kunya ce ko me, Allah masani. Kuɗin bai dame ni kamar abotar ba.

Ɗan Fagge: Allah ya mayar da alheri. Amma wallahi sanyin Janairun Kano ma bargo biyu nake rufa, wanda zai je inda rana ke faɗuwa ƙarfe uku da rabi ai shi ya kamata a biya.

Abu Sumayya: Amin. Namu babu ejan a ciki, kuma kuɗin gaske ne.

Injiniya Tampere: To matsalar ke nan ranka ya daɗe, kuɗin gaske ne kuma da gaske zai cinye su. An yarda ɗalibi ya yi aikin awa 30 a mako, amma aikin fa? Na yi wata biyar ban samu ko shara ba saboda ba na jin yarensu. Haya ba ta jira. In ka ba shi, ka sa a ranka kyauta ce.

Bawan Allah: Injiniya kai da gwamnatin jiha ta ɗauki nauyinka, me ka sani game da bashi?

Injiniya Tampere: Wa ya faɗa maka? Gonar babanmu aka sayar.

Hajiya Binta: Ku bar musu. Abu Sumayya, bashin suruki ba a kai shi kotu, a ɗaki ake biyansa da fushi. Me matar taka ta ce?

Abu Sumayya: Ta ce duk abin da na yanke, amma tun jiya ba ta ci abinci ba.

Maman Ilham: Ni tambayata, ta ina ma za ka tura? Mun cike Form A, fom ɗin neman kuɗin waje a banki, na kuɗin makarantar ɗan yayata, bankin ya riƙe mu wata huɗu, kullum a dawo gobe, ƙarshe sai wurin 'yan canji na Wapa muka je muka saya da tsada.

Ɗan Fagge: Hajiya wata huɗu ai kin yi sa'a. Nawa kuka sayi Yuron a lokacin?