Faifan kwantirola yana tsalle baya, fitilu kuma ba sa kamawa: ina gyaran yake a saƙonnin MIDI?

Sadiƙu:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san aikin haɗa kwantirolar DJ da manhajar gauraya kiɗa. Kwantirolar da ke hannuna mai ɓangare biyu ce, ana jona ta da kwamfuta ta USB, kuma manhajar da nake aiki da ita ba ta zo da shiryayyen tsarin wannan na'ura ba, don haka na shiga sashen da manhaja ke koyon maɓallai na riƙa haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Maɓallan kunnawa da tsayarwa sun yi daidai, haka ma fedar ƙarar sauti, wato abin da ake ja sama da ƙasa don ƙara ko rage sauti. Sauran ne suka gagare ni. Idan na juya faifan kwantirolar, wanda ake tura waƙa gaba ko baya da shi, zuwa gaba a hankali sai waƙar ta yi babban tsalle zuwa baya, fedar saurin kiɗa kuma tana tafiya da manyan taku har ba na iya daidaita bugun waƙoƙi biyu su daɗe tare, sannan fitilun maɓallai ko ɗaya ba ta kamawa. Shin na'urar ce ta lalace, ko kuwa akwai abin da ban fahimta ba game da MIDI?

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da wuya a ce na'urar ce ta lalace, tunda maɓallai suna amsawa. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne MIDI ba ya ɗaukar sauti, kuma ba ya ɗaukar ma'ana. Lambobi kawai yake turawa. An tsara shi ne a 1983 domin kayan kiɗa na kamfanoni daban-daban su iya magana da juna, kuma Dave Smith na Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland suna cikin waɗanda suka jagoranci aikin. A lokacin babu wanda yake tunanin faifan DJ, shi ya sa har yau maɓallin kunna waƙa yake aika saƙon Note On kamar an danna maɓallin fiyano.

Yawancin saƙonnin da kwantirola ke aikawa bayit uku ne. Na farko yana faɗin irin saƙon da kuma tashar da ya bi, cikin tashoshi 16, na biyu yana faɗin wane maɓalli ko wace feda ce aka taɓa, na uku kuma yana ɗauke da ƙima tsakanin 0 da 127. Ana rubuta su da lissafin tushen sha shida, inda 90 yake nufin Note On a tasha ta 1, B0 kuma Control Change, wato saƙon motsin feda ko faifai, a tasha ta 1, B1 a tasha ta 2. Sashen koyon maɓallai yana kama adireshin saƙo ne kawai, sai ya yi hasashen yadda za a fassara ƙimar, kuma a wurin hasashen nan ne aka fi samun tangarɗa.

Shawarata ita ce ka daina hasashe ka duba saƙonnin da idonka. A Windows akwai MIDI-OX, a macOS akwai MIDI Monitor, a Linux kuma umarnin aseqdump ya wadatar. Ka rufe manhajar gauraya kiɗan kafin ka buɗe ɗayansu, domin a tsohon tsarin Windows manhaja ɗaya ce kaɗai take iya riƙe ƙofar MIDI a lokaci guda. Ka taɓa faifan, ka juya shi gaba da baya a hankali, sannan da sauri, ka ja fedar sauri daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka kawo mana abin da ya fito.

Sadiƙu:

Na gode, Malam. Ga abin da na gani a ɓangaren hagu. Idan na ɗora yatsa a saman faifan yana ba da 90 36 7F, idan na ɗaga kuma 90 36 00. Juyawa gaba a hankali tana maimaita B0 46 41, juyawa baya tana maimaita B0 46 3F, idan na ƙara sauri kuma lambar ƙarshe tana hawa zuwa 44 ko 45 a gaba, tana sauka zuwa 3C a baya. Fedar sauri kuwa saƙo biyu take fitarwa a jere duk lokacin da na motsa ta, ɗaya ya fara da B0 09, ɗayan da B0 29, kuma lambar na biyun tana canzawa ba tsari.

Malama Hajara:

Malam Sadiƙu, waɗannan lambobi sun warware biyu daga cikin matsalolinka. Faifai ba shi da farko ba shi da ƙarshe, saboda haka ba ya faɗin inda yake, sai dai ya faɗi yawan motsin da ya yi tun saƙon da ya gabata. Naka yana ƙirga ne daga tsakiya, wato 40, wadda ita ce 64 a lissafin da muka saba: 41 taku ɗaya ne gaba, 3F taku ɗaya ne baya. Akwai wata hanyar da wasu na'urori ke bi, inda 01 take nufin taku ɗaya gaba, 7F kuma taku ɗaya baya. Alamu sun nuna manhajarka ta ɗauka irin ta biyun ce. A wancan lissafi, duk lambar da ta kai 64 zuwa sama ana cire mata 128, don haka 41 ɗinka, wato 65, ta zama taku 63 zuwa baya. Wannan shi ne tsallen da kake gani. Kana iya tabbatarwa da kanka: idan haka ne, juyawa baya a hankali za ta jefa waƙar gaba da irin wannan nisa. A manhajar gauraya kiɗa ta Traktor zaɓin yana cikin Controller Manager, an rubuta su 7Fh/01h da 3Fh/41h, kuma na biyun ne naka.

Saƙon 90 36 shi ne na taɓa saman faifai, kuma dole a haɗa shi daban, domin shi ne yake gaya wa manhaja ko hannu yana kan waƙar ana gurza ta, ko kuwa gefen faifan kawai ake turawa don a ɗan hanzarta ta. Ka lura na'urarka ba ta aika Note Off ba, ta aika Note On mai ƙimar 00 ne, kuma ƙa'idar MIDI ta yarda a ɗauki wannan a matsayin sakin maɓalli. Idan manhajar Mixxx kake amfani da ita, fayil ɗin XML na tsarin maɓallai kaɗai ba zai ba ka gurza mai daɗi ba, sai ka rubuta ɗan gajeren JavaScript da zai kira engine.scratchEnable idan an taɓa, engine.scratchTick idan an juya, engine.scratchDisable idan an saki, kuma za ka buƙaci sanin yawan takun da faifan ke bayarwa a zagaye ɗaya, wanda za ka iya ƙirgawa a manhajar da ka duba saƙonnin da ita.

Game da fedar sauri, 09 da 29 tagwaye ne. Ƙa'idar ta ware lambobi 0 zuwa 31 don babban rabin ƙima, 32 zuwa 63 kuma don ƙaramin rabinta, kuma 29 ita ce 41, wato 9 a tara da 32. Idan aka haɗa su ana samun matakai 16,384 maimakon 128. Manhajarka ta kama babban rabin ne kaɗai. Idan iyakar fedar kashi 8 cikin ɗari ce sama da ƙasa, kowane taku cikin 128 ya kai kashi 0.125, wanda a waƙa mai bugu 128 a minti ya zama bambancin 0.16. Ko da rabin wannan ne kuskuren, cikin minti ɗaya gangunan biyu za su rabu da kusan milisakan 37, kuma kunne yana jin hakan sarai. Ka nemi zaɓin bit 14, wato mai haɗa rabi biyun, ka ba shi lambobin biyu. A Mixxx ana yi wa kowanne alama da fourteen-bit-msb da fourteen-bit-lsb.

Injiniya Bello:

Na yarda da bayanin Malama Hajara, sai dai kada Malam Sadiƙu ya sa rai zai ga matakai 16,384 cif. Saƙon yana da wurin ɗaukar wannan adadi, amma abin da ke auna matsayin feda a cikin na'ura sau da yawa bai kai haka ba, wasu matakai 1,024 suke bayarwa, kuma hakan ma ya ishi daidaita bugu.

Fitilu su ne suka rage. Sashen koyon maɓallai yana lura ne da abin da ke shigowa kwamfuta, fitila kuwa tana jiran abin da zai fita daga kwamfuta zuwa na'ura, don haka ba za ta taɓa kamawa ba sai an rubuta mata nata umarnin fita, an kuma zaɓi ƙofar fita a saitin manhaja, abin da mutane da yawa suke mantawa. A mafi yawan kwantiroloji fitila tana amsa lambar maɓallinta, wato idan maɓallin kunnawa yana aika 90 0B 7F, mayar masa da wannan saƙon zai kunna ta, 90 0B 00 kuma ya kashe ta. Ka gwada da hannu daga MIDI-OX kafin ka taɓa manhajar. Kuma ka ɗaure fitilar da halin da waƙa take ciki, ba da dannawar maɓalli ba, domin idan waƙa ta ƙare da kanta ya kamata fitilar ta mutu ko babu wanda ya danna komai. Idan gwajin bai yi ba, ka duba takardar saƙonnin MIDI ta kamfanin, domin wasu na'urori sai an fara aika musu saƙon SysEx, wanda ke farawa da F0 ya ƙare da F7, kafin su bar kwamfuta ta sarrafa fitilunsu ko su faɗi inda fedojinsu suke tsaye.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zai same ka: da zarar ka danna maɓallin daidaita sauri, ƙimar da ke cikin manhaja za ta bar inda fedar take a zahiri, kuma taɓawa ta gaba za ta sa saurin ya yi tsalle a gaban masu sauraro. Ka kunna soft takeover a kan fedar sauri, domin manhaja ta yi biris da ita har sai ta iso daidai ƙimar da ke kan allo. Idan ka gama ɓangaren hagu, duba na dama kafin ka kwafa. Mai yiwuwa lambobin iri ɗaya ne, sai dai su fara da 91 da B1.