Shawarwarin waɗanda suka zauna a Birazil ga mai niyyar zuwa

Abin da bakinsu ya fi zuwa ɗaya a kai shi ne harshe. Fotugis ake yi a Birazil, kuma Turanci ba ya fitar da mutum a kasuwa ko tasha, don haka a koyi gaisuwa da ƙirge tun daga gida.

An daɗe a kan abinci. Shinkafa da wake ne cimar rana kusan ko'ina, amma Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya sa hannu, domin feijoada, romon baƙin wake da suke ji da shi, da naman alade ake dafa shi. A Salbado, babban birnin jihar Bahiya, mata masu fararen kaya suna soya acarajé a bakin titi. Ƙosai ne a manja, a tsaga shi biyu a cusa jatan lande da yaji.

A ganina Salbadon nan ya cancanci kwanaki. Shi ne babban birnin ƙasar daga 1549 zuwa 1763, kuma a nan bayi Musulmi, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi bore a 1835. Mai son daji kuwa ya nufi birnin Manaus da ke dajin Amazon, inda baƙin ruwan kogin Negro da jan ruwan Solimões ke tafiya kafaɗa da kafaɗa tsawon kilomitoci ba su gauraya ba.

An ja kunne sosai game da fizgen waya a manyan birane: kada a riƙe ta a hannu a titi. A kuma yi rigakafin cutar shawara kafin shiga Amazon.