Wane suna za mu ba "fulo batir" da ruwan cikinsa?

Mai tambaya, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ina shirya bayani a rediyo a nan Kumasi kan manyan baturan ajiye wutar sola, kalmomi biyu sun gagare ni: "fulo batir" da "elektirolait". Fulo batir tankuna biyu ne cike da ruwa mai sinadari, wato elektirolait, famfo na tura shi ya ratsa akwatin da ake caji a ciki, wani siririn shamaki ya hana ruwan biyu cakuɗuwa. In ana son wuta ta daɗe, sai a ƙara girman tanki. Yawancinsu da wani ƙarfe mai suna banadiyam ake yi, shi kuwa da tsada, shi ya sa ake komawa ga ƙarfe da gishiri da ruwa, kamar yadda kamfanin ESS ke yi a jihar Oregon ta Amurka.

Mai lantarkin mota, Suame Magazine:
Wa alaikumus salam. Malam, me za a wahala? Ruwan batir ne.

Malamar kimiyya, Asawase:
Masta, a yi mini afuwa. Da an ce ruwan batir, asid ɗin nan da ke huda wa yaranku wando shi zai zo wa kowa a rai. Wa zai yarda a kafa masa tankinsa a bayan gida? Wannan na ƙarfen yana da tsami, amma bai kama ƙafar na mota ba. Kuma a ce baƙin ƙarfe, don jan ƙarfe ma ƙarfe ne, ko da yake baƙin ƙarfen in ya narke a ruwa kore-kore yake, na ɗaya tankin kuma ya koma ruwan ɗorawa in ya sha caji.

Dattijo, Sabon Zango:
To ku ce jinin batir mana, tunda famfo ke zagayawa da shi kamar zuciya.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma, Baba, zan ara wajen misali. A matsayin suna dai ina jin tsoron masu kiran waya. Ni "ruwan caji" ya fi kwanta mini, tunda a ruwan cajin yake zama.

Malamar kimiyya:
Ba duka ba, Malam. A samfurin da aka fara gwadawa tun 1981, ƙarfen gefe ɗaya fita yake daga ruwan lokacin caji ya manne a jikin faranti. Nan matsalar take: wani kason wutar sai ya tafi wajen fasa ruwa, iskar haidurojin ta fice, tsami ya ragu, tsatsa ta kwanta ta toshe hanya. Gyaran da ake nema ke nan. Wasu na mayar da iskar cikin ruwan, wasu na ɗaure ƙarfen da wani sinadari don ya zauna a narke. A 2024 masu bincike a cibiyar bincike ta PNNL da ke jihar Washington sun yi haka da sinadarin da ake amfani da shi a matatun ruwa. A irin wannan, sunanka ya zauna daram. Na yarda da shi.

Mai tambaya:
Madalla. Ruwan caji na baƙin ƙarfe ke nan. Na'urar kuma "batirin tanki", don "batir mai gudana" sai a ɗauka yoyo yake yi.

Mai lantarkin mota:
A Magazine dai namu ruwan batir ne har gobe, naku na tanki ku kira shi yadda kuka ga dama. Amma Hajiya, in dumso ta zo, wato an ɗauke wuta, wa zai ba famfon wuta?

Malamar kimiyya:
Daga jikin batirin yake ci, Masta. Yana cikin dalilan da suka sa wutar da yake mayarwa ba ta kai ta batirin litiyam ba.