Zama a tsohon bene: abin da muka tattauna kan matakala da azara

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna a zauren gidanmu na gado cikin birnin Kano, mu da wani dattijon magini, kan gyaran da ke gabanmu kafin damina.

Maganar matakala ce ta fi ɗaukar lokaci. Ta ginin ƙasa ce, tsayayya, takunta ba ɗaya ba, kuma tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda sawun shekaru. Yayanmu ya so a rushe a zuba ta siminti. Baba magini ya ce a'a, siminti ba ya kama jikin ginin ƙasa, danshi yake ɓoyewa har bango ya rube ta ciki. Aka tsaya kan a cike lotsawar, a kafa abin riƙewa a bango, a sa fitila mai caji a kwanar da ke da duhu. Hajiya kuwa ta dawo ɗakin ƙasa. Ganinta tana hawa da buta a hannu ya daɗe yana tayar mini da hankali.

Azarar giginya, in ji Baba magini, gara ba ta cika cinta ba, ruwa ne abokin gabarta. A share indararo, a toshe tsagar rufi tun kafin ruwan fari. Tsohon ƙyauren zaure kuma kada a shafa masa fenti. Wasu sun kawo shawarar baƙin mai, ni dai ban yarda ba, warinsa ba ya barin ɗaki.