Neman shawara: ta ina zan kama Ingilishin yau da kullum?

Mai tambaya, daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina saro kayan gyaran babur a Sabon Garin Kano ina kawowa Maraɗi. Yawancin masu shagunan ba Hausawa ba ne, cinikin sai da Ingilishi. Na yi lakol, ina jin Faransanci daidai gwargwado, amma kalmomin da na haddace daga ƙamus sai su gudu in na tsaya gaban mai kaya. Don Allah a ba ni hanya.

Malamin Ingilishi, unguwar Zariya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye ƙamus ɗin tukuna. Kalma ita kaɗai ba ta zama a kai, sai an ɗaura ta a jimla. Sami kaye, ka raba shafi biyu, dama Ingilishi, hagu Hausa. Kullum jimla 5, ka fara da na bakin shago: "How much is this?" wato nawa ne wannan, "It is too expensive", ya yi tsada, "What is your last price?", nawa za ka bari, "Give me a receipt", ba ni rasit, "Please say it again", don Allah maimaita. Ta ƙarshen nan ta fi sauran amfani, kada ka ji kunyar faɗinta. Kowace jimla ka furta ta da ƙarfi sau 10. Washegari ka rufe ɓangaren dama da hannu ka gwada kanka kafin ka ƙara sababbi, ka sake bayan kwana 3, sannan bayan mako. Abin da ke kayar da mutane shi ne su ɗebi 30 rana guda ba bita.

Wani ɗan kasuwa: Malam ya faɗi gaskiya, amma ƙanena ka sa ido ga lambobi, can asara take. "Fifteen" 15 ne, "fifty" 50. Haka "thirteen" da "thirty". Na farko ana jan ƙarshensa har a ji n, na biyu a guntule yake. In ka yi kokwanto ka ce "one five or five zero?", ko ka miƙa masa salula ya rubuta. Ka manta da lissafin dala: in ya ce "five hundred", naira 500 ce cif, ba a ninka ta sau biyar kamar yadda muke yi da sefa. A rasit kuma waƙafi ne ke raba dubu, 2,500 dubu biyu da ɗari biyar ke nan. Ɗigo shi ke tsayawa inda Faransanci ke sa waƙafi.

Hajiya, mai koyarwa: Ɗana, Faransancinka jari ne, kalmomi kamar "important" da "transport" ma'anarsu ɗaya. Sai dai akwai masu yaudara. "Money" kuɗi ne gaba ɗaya, canji shi ne "change". "Location" wuri ne, ba haya ba. "Car" ƙaramar mota ce, babbar ta fasinja "bus". Sannan harafin s na ƙarshe ana furta shi: "two tyres". Ga kuma matsalarmu Hausawa ta p da f. Riƙe takarda gaban bakinka ka ce "pull": leɓɓa su haɗe su buɗe, takardar ta motsa. A "full" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. To su "abeg" da "how far" da nake ji fa?

Malamin Ingilishi: Wannan burokan ne na Najeriya, "abeg" don Allah, "how far" yaya dai. Ka koye su, suna sauƙaƙa ciniki, amma ka ba su shafinsu daban a bayan kaye, kada su shiga saƙon da za ka rubuta wa kamfani. Don horar da kunne, sauke shirin 6 Minute English na BBC, ka saurari guda ɗaya sau 3, na ukun kana bin rubutunsa da ido. Sunayen kayanka kuma suna jikin kwalayensu, daga nan za ka kwafo 5 na gobe.