Tsakiyar labarina ta ƙi tafiya, ku taimaka min da shawara

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena marubuta. Shekara biyu ke nan ina fama da wani littafi, labarin wata bazawara ce mai sayar da atamfa a Kantin Kwari wadda tsohon mijinta ya dawo neman kome. Babi goma na farko na sake su kyauta a Wattpad da WhatsApp, masu karatu suka yi ta neman ci gaba. Da na ce saura na kuɗi ne, kaɗan suka biya, cikinsu kuma wata ta faɗa min gaskiya: daga babi na 15 labarin ya yi sanyi.

Na koma na karanta, wallahi ba ta yi ƙarya ba. Kusan babi takwas ana zaune a falo ana ta hira, ga bikin ƙanwarta da na ja shi har babi uku. Na gwada yankewa, sai dalilin da ya sa ta yafe masa ya ɓace, domin a cikin hirarrakin nan na ɓoye shi. Na mayar, sanyin ya dawo.

Yaya kuke yi da irin wannan? A rushe tsakiyar gaba ɗaya ne, ko a shigo da sabon rikici?

Sannan in na gyara, ina son kai shi ga mai buga littafi ko furodusan Kannywood. Taƙaitaccen labari shafi ɗaya ake fara turawa, ko babin farko? Kuma akan bayyana ƙarshen labarin a ciki? Wannan ne ke ba ni tsoro. Allah ya saka da alheri.