Tele ta lalace wata biyu bayan ƙarewar garanti, ina da hakki a kan mai shago?

Mushe Laminu, Garin Malam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ana saura kwana kaɗan azumi na sayi tele mai inci 32 a wani shago cikin kasuwar Dole ta Damagaram, jaka 58 ta sefa. Irin masu arahar nan ce, sunan da ke jikinta ma ban taɓa jin sa ba. Ni malamin firamare ne ɗan kwantiragi, kun san albashinmu. Wata huɗu ina ajiye jaka goma-goma, uwargida ta cika sauran da kuɗin adashinta. Mai shagon ya ba ni resi da tambarinsa, ya rubuta garanti wata 6 da hannunsa.

A wata na huɗu gefen hagu na hoton ya fara duhu. Na ɗora ta a kan kabu-kabu na mayar. Ta kwana biyar a wurinsa, ya ce yaronsa ya gyara, na ɗauko. Yanzu cikin wata na takwas hoto ya ɗauke ɗungurungum, sai murya kawai. Da na koma ya ce garanti ya ƙare, kuma kuran, wato wutar lantarki, ne ya ƙone ta, iyakar abin da zai yi mini shi ne ya rage jaka 3 idan zan sayi sabuwa.

Abin ya tsaya mini a rai. Mahaifiyata da ita take jin tafsiri da labaran Télé Sahel, yara kuma sun koma kallo gidan maƙwabta da dare, abin da na sayi telen don in hana ke nan. Shin da ƙarewar garanti magana ta ƙare? In kai ƙara, in kai gyara, ko in haƙura?

Baban Nana:
Wa alaikumus salam. Mushe, haƙuri za ka yi. Araha ba ta ado. Ni biyu na binne irin su. Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Mutari mai gyara, Zango:
Mushe, kafin haƙuri da kafin ƙara, a san ciwon tukuna. Yau da dare kunna ta, ka kashe fitilar ɗaki, ka manna tocilar salularka a jikin gilashin. Idan ka hango hoto dishi-dishi yana motsi, gilashin lafiyarsa ƙalau, fitilun da ke haska shi daga baya ne suka mutu. Ƙananan fitilu ne a jere a kan sanduna biyu ko uku, an haɗa su kamar carbi: ɗaya ta tsinke, duk layin ya mutu. Duhun gefe ɗaya da ka gani a wata na huɗu alamar hakan ce.

Abin da ke kashe su sananne ne a wurinmu. Masu ƙera irin waɗannan telen suna sakin hasken a ƙure don ta yi kyau a shago, fitilun kuma ba su da inda za su fitar da zafi. Haɗa da zafinmu na Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska. Shi kuwa kuran idan ya dawo da ƙarfi, katin wuta yake fara bugawa, kuma yawanci tele ba ta ko kunnuwa, ba murya, ba jar fitilar nan ta gaba. Taka tana magana. Ban ce kuran ba ya taɓa fitilu ba, amma ba nan mai gyara yake fara zargi ba.

Ka kai wa mai gyaran da ba shi da alaƙa da shagon, ya buɗe a gabanka, ka ɗauki hoto. Ka lura ko an taɓa yin ƙari da dalma a kan sandunan. Wasu yara idan fitila ɗaya ta mutu sai su tsallake ta da waya maimakon su canza, tele ta yi wata biyu uku sauran su bi ta. Idan haka ka tarar, ba gyara aka yi maka ba, an dai ja lokaci har garanti ya wuce. Canza sandunan duka ba ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ka saya. Gilashin ne idan ya fashe ko ya yi layi-layi ba a gyarawa, kuɗinsa ya kusa na sabuwa.

Zeinabu, ɗalibar shari'a:
Mushe, garanti iri biyu ne, mutanenmu ɗaya suka sani. Na wata 6 ɗin nan alkawari ne da mai shago ya ɗaukar wa kansa, kuma ya ƙare. Na biyun doka ce ta ɗora masa ko bai rubuta ba: lamunin ɓoyayyen aibi, a kundin dokokin zamantakewa na Nijar, daga aya ta 1641. Ma'anarsa, idan kaya na da aibin da ido ba ya gani lokacin ciniki, aibin kuma ya hana amfani da shi, mai sayarwa ne ke da alhaki, ko da shi ma bai sani ba, sai fa in an yi sharaɗin babu lamuni tun farko. Aya ta 1644 ta ba mai saye zaɓi: ya mayar da kaya a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a mayar masa da wani ɓangare. Ga kuma dokar kare masu saye, mai lamba 2015-24 ta 11 ga Mayu 2015.

Sai dai abu biyu. Kai ne za ka kawo hujjar cewa aibin tun asali yake, ba daga hannunka ko daga kuran ba. Kuma aya ta 1648 ta ce a nemi hakkin cikin gaggawa bayan an gano aibin, kada ka bar shi ya yi watanni. Ƙarfin maganarka yana wurin mayar da ita da ka yi a wata na huɗu, garanti na da rai. Kana da takardar hakan?

Mushe Laminu:
Malama Zeinabu, bai ba ni takarda ba. Amma akwai saƙon murya da ya turo mini ta WhatsApp yana cewa in zo in ɗauka an gyara, ban goge ba. Ɗan kabu-kabun da ya kai mu maƙwabcina ne. Mutari, na yi gwajin tocila, hoton yana nan a ciki.

Zeinabu:
Kada ka goge shi, ka tura wa wata salula ma. Ranar da ke jikin saƙon ita ce shedarka. Amma ban ba ka shawarar jistis tun yanzu ba. A kan jaka 58, zirga-zirga da takardu za su cinye rabinta, ga ranakun aji da za ka rasa. Fara da sulhu. In ya ƙi, akwai ofishin kasuwanci na jiha, akwai ƙungiyar kare masu saye ADDC-Wadata, kuma dokar ƙasa ta bai wa sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimun ciniki, daga mai unguwa har fada.

Alhaji Tijjani, ɗan kasuwa:
Bari in faɗi namu ɓangaren, tun da kayan lantarki nake sayarwa. Wallahi yawancin irin waɗannan telen daga Kano muke ɗauko su, kuma dillalin can ba ya ba mu garantin komai, ka gwada a gabansa ta kunnu shi ke nan. Idan ta mutu a nan, daga aljihunmu ne. Ga kuɗin mota, ga duwan, ga canjin naira da sefa. Ribar tele ɗaya ba ta kai abin da kuke zato ba. Mutane kuma suna haɗa ta da janareto marar saiti, ko su bar ta a jone ana ɗauke wuta ana dawowa, sannan su ce laifin shago ne.

Duk da haka, a maganar nan ban ga gaskiyar ɗan'uwana ba. Kaya ya dawo maka cikin garanti da ciwo, ka ce ka gyara, ciwon ya dawo, ai gyaranka ne bai yi ba. Mushe, kada ka je masa da faɗa a gaban masu ciniki, ɗan kasuwa idan ka kunyata shi a rumfarsa ya gwammace ya yi asara da ya ba ka. Ka je wurin shugaban 'yan layinsu da resi da saƙon muryar. Kuma kada ka nemi jaka 58 ɗinka duka, ka yi wata takwas kana kallo. Nemi ya ɗauki kuɗin gyara na gaskiya.

Malam Haruna, Birni:
Abin da Zeinabu ta karanto, fiƙihunmu ya riga ya faɗe shi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da yake tare da shi tun kafin ciniki kuma ba a bayyana masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Sai dai ka tsare harshenka, ɗana. Kada ka kira shi macuci alhali ba ka tabbatar ya san abin da yaronsa ya yi ba.

Maman Fati, Sabon Gari:
Ni firji ne ya yi mini haka, sai da maigida ya tafi da wani dattijo da mai shagon ke jin nauyinsa sannan aka raba kuɗin gyara biyu. Mushe, ka tafi da uwargida in ta yarda, kuɗin adashinta ne a ciki, tana da bakin magana.

Mushe Laminu:
'Yan'uwa na gode, Allah ya saka da alheri. Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na kiyaye. Ga inda aka kwana. Na kai ta wurin wani mai gyara kusa da tasha, ya buɗe a gabana. Kamar Mutari yana wurin: fitila biyu an tsallake su da waya, sauran sun yi baƙi, katin wuta kuwa lafiya lau. Ya rubuta mini abin da ya gani, ya sa hannu. Jiya bayan la'asar muka zauna da shugaban layin, ni da uwargida da mai shagon. Da ya ga hotunan ya yi shiru, ya kira yaron, yaron ya amsa cewa sandunan ne ba su samu ba a lokacin. Mai shagon ya yarda zai biya kuɗin sabbin sanduna, jaka 9, ni in biya ladan aiki, jaka 3. Uwargida ta so a ce duka ya biya, kuma ina ganin tana da gaskiya, amma na karɓa. Shugaban ya sa aka rubuta, kowa ya sa hannu. Ranar Asabar za a haɗa.

Mutari mai gyara:
Madalla. Ka tsaya a kansa ranar Asabar, sandunan duka za a canza, ba fitila ɗaya-ɗaya ba, kuma ka karɓi tsofaffin a hannunka. Ka ce ya rubuta maka garantin aikinsa ko na wata uku ne. Idan ka kai ta gida, shiga saitin hoto ka sauke hasken baya zuwa rabi, ka janye ta daga jikin bango kamar taƙi ɗaya don iska, kuma da an ɗauke kuran ka zare wayarta har sai wutar ta dawo ta zauna.